Duwatsun Gonar Gwaggo

Gwaggon da ta rene ni gajeriya ce, ga faɗa kamar barkono. A kan tudu aka haife ta, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, sai ka isa baki ka hango kwari can ƙasa. Ruwan sama a wurinmu ba ya zama. Ya zubo da ƙarfi, ya gangara, ya tafi da abin da ya samu.

Gonar da ta gada duk duwatsu ce, baƙaƙe masu huji-huji, waɗanda aka ce wuta ce ta amayo su tun kafin kakanni. Ana yi mata ba'a wai dutse take nomawa. Ko a jikinta, tunda rumbunta bai taɓa kunyata ta ba.

Sai ga mai neman aurena, mutumin kwari, ɗan bakin kogi. Ya ga gonar, tausayi ya kama bawan Allah. Gwaggo na tafiya jinyar ƙanwarta, ya gayyato abokansa suka kwashe duwatsun tas, suka tara a gefe. Neman suna wurin suruka ke nan.

Ta dawo, ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"Wane mai ƙaunar tawa ne ya tuɓe mini gona?"

"Ni ne, Gwaggo," in ji shi, yana washe baki.

Ta birkice wani dutse da ya tsira, ta nuna masa damshin ƙarƙashinsa.

"Su ke tare mini ƙasa in ruwa ya zo, su ke ɓoye mini laima in rana ta buɗe. Ga damina a bakin ƙofa. In ruwan farko ya wanke gonar nan, yaro, ka koma kwarinku ka nemi mata. Can ma za ka tarar da ƙasata."

Ni kuwa wallahi ina son sa.

Abokai suka ce suna da uzuri. Shi kaɗai ya dinga jido duwatsun yana mayarwa, Gwaggo na zaune a inuwa tana nuni da sanda.

"Ba nan yake ba! Mai kama da kan ragon nan gabas yake zama!"

Yayyafi ya soma sauka yana ɗauke da na ƙarshe. Aka sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa kuwa ta tsaya inda take.

Yanzu ƙafa ta hana Gwaggo noma, shi ke yi mata. Rannan 'yarmu ta ɗauki dutse za ta jefi tsuntsu, ya daka mata tsawa:

"Ke! Mayar da shi inda kika ɗauko!"

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.