Karsanar da Ta Buɗe wa Mutmainna Sana'a

Mutmainna 'yar Malam Daudu ce, mai koyarwa a Islamiyyar Tsaskiya, kuma tun tana ƙarama aka san ta da yawan tambaya. Ranar da karsanar kawunta ta ɓace a wurin kiwo, sai ta ari wayar mijinta ta naɗi cigiya da Hausa da Fulatanci, ta tura wa 'yan kabu-kabu ta WhatsApp su yaɗa. Bayan kwana uku aka koro karsanar daga Runka.

Abin ya ɗaure mata kai. Ta tambayi dattijon da ya kawo ta, "Baba, wa ya kunna maka muryata?"

Ya ce, "'Yata, wajen mai shayi na ji, shi ma wani direba ya tura masa."

Daga nan masu cigiya suka fara sallama a ƙofarta, sai masu sanarwar ɗaurin aure, sai masu talla. Yau tana da shagon naɗar sanarwa a Safana da ma'aikata uku, kuma ranar kasuwar Batsari manoman Karare ba sa ɗora buhun gyaɗa a babur sai sun ji farashi daga bakinta.