Yadda Ledar Baba Ta Kusa Koro Ni Daga Yamai

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ranar wata Lahadi a ƙarshen damina, ni da wata 'yar ajinmu. Mu biyu aka zaɓa daga sashen nazarin noma mu je wata jami'a a Yamai mu yi zango ɗaya, su ma su turo nasu biyu. Ku da kuka dame ni da tambayar yadda aka yi, to ga shi, amma ku sani da haushi na tafi. Yayana ne ya cusa min shi a tasha. Yana ɗora min jaka yana dariya, wai mutane na musayar ɗalibai zuwa Turai, ni tawa ta tsaya a maƙwabta, kuma da wannan Faransancin nawa da bai wuce gaisuwa ba, mako ɗaya ya ba ni in dawo. Baba kuwa addu'a ya yi min, ya miƙo min jakar takarduna ya ce kada in raba ta da jikina.

Sai na gaya muku labarin takardun nan kafin mu yi nisa. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, takardun aikin Baba duka suka jiƙe suka narke, ya sha baƙar wahala kafin ya fara karɓar fansho. Tun daga lokacin, duk takardar da ta shigo gidanmu sai ya kai an yi mata laminatin, an liƙe ta cikin leda mai kauri. Takardar haihuwata, ta firamare, ta sakandare, har katin rigakafi bai tsira ba. Ni ma alfahari nake da su, don ko a kogi suka faɗa babu abin da zai same su.

Daga Illela muka tsallaka Ƙwanni, inda na canja kuɗi. Na miƙa damin naira mai cika hannu, aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su kai kaurin katin waya ba, na tsaya ina jiran saura har mai canjin ya ce, "Hajiya, ai shi ke nan." Muka shiga babbar mota mai sanyi. A kowane shinge sai kowa ya sauka, jandarma ya karɓe katunan shaida, ku tako da ƙafa ku wuce, sannan a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. A Dogon Dutsi na sayi burodin nan nasu mai tsawo kamar sanda, aka tsaga aka zuba min nama da yaji, na ci har na manta da yayana na ɗan lokaci. Muna isa Dosso Hausa ta fara ja da baya, Zabarmanci ya karɓi kasuwa, ko'ina sai "fofo, fofo", wato sannu. Bayan la'asar muka shiga Yamai.

A unguwar Koira Kano na sauka, gidan wata ƙawar mahaifiyata, 'yar asalin Tawa, wadda ta yi shekaru tana aikin sakatariya a ma'aikatar gwamnati kafin ta yi ritaya. Inna nake ce mata. Mace ce marar yawan magana, mai kallon mutum ta saman tabarau. Abokiyar tafiyata kuma ta sauka wurin danginta.

Litinin da safe muka shiga taksi mai jan kai, irin wanda ake haɗa fasinja, muka haye gada. Kogin Isa, wato Kwara, ya cika ya batse, ga kwale-kwale, ga gonakin shinkafa kore shar a gefe. Na ce a raina ai ko don wannan na zo. A ofishin rajista aka ba mu jerin abin da za mu haɗa a dosiye, wato fayil ɗin takardu. Kowane kwafi sai an kai shi ofishin magajin gari tare da takardar asali, jami'i ya gwada su, ya manna tambur, wato kan sarki, ya buga hatimi. Ana rufe rajista ranar Juma'a da tsakar rana, wanda bai kammala ba kuma gurbinsa ya tafi.

Muka je, muka bi layi, na fito da takarduna ina taƙama. Jami'in ya ɗauki ta sakandare, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta a kan tebur, ta yi ƙara kamar faranti. Ya ce ba ya sa hannu a kan takardar da ke cikin leda, don ba shi da yadda zai taɓa hatimin ya san ta asali ce ko hoto aka liƙe. Ashe abokiyar tafiyata ma nata duka a leda suke. Nan na yi abin da muka saba a gida: na ɗaga murya, na ce a kira min babbansa, na ce daga wata ƙasa na zo kuma jami'a ce ta gayyato ni. Ya bar ni na gama tsaf, ya ce, "Kala suru, Madan," wato sai haƙuri, ya kira na bayana.

Talata muka gwada wani ofishin a wata unguwa, amsar ba ta canja ba. Laraba abokiyar tafiyata ta ce ita ba za ta iya wannan wulaƙancin ba, don neman sabuwar shaida daga gida sai ya ci makonni. Na raka ta tasha. Ina dawowa saƙon yayana ya shigo, ashe labari ya riga ya kai gida: "Yaushe zan zo tarbarki?" Na ji kamar in jefa wayar a kogi. Na rantse a raina ko zan kwana a ƙofar ofishin nan, ba zan hau motar Ƙwanni a wannan makon ba.

Taurin kan nawa ya fara kai ni ga wauta. Wani tela ɗan Maraɗi a bakin layinmu ya ce ya taɓa jin ana ɓare leda da dutsen guga. Allah ya taimake ni na ce a fara da ta firamare. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya goga, ya ja a hankali. Ledar ta fito, amma ta fito da rubutun gaba ɗaya. Sunana ya koma jikin leda, takardar kuma ta zama fara fat. Na tsaya riƙe da su biyun, hawaye suka zubo min, ba don firamaren ba, sai don na tuna ranar da Baba ya dawo da ita daga shago yana murna.

Duk kwanakin nan Inna tana lura da ni. Da ta ga abin da na shigo da shi, ta ajiye carbinta ta ce, "Ɗiyata, kin ƙare hwaɗan? Nan garin ba a roƙo da baki. Abin da ba a rubuta ba, ba a hwaɗe shi ba. Demand za ki yi, da hannunki."

Demand ɗin nan takardar roƙo ce da ake rubutawa da hannu, kuma tana da ƙa'idodi kamar alwala. Takarda ce ta musamman mai layi, a ninke gefe a bar fili, suna a hagu, gari da rana a dama, a jero muƙamin wanda ake rubuta wa, a rufe da doguwar gaisuwar girmamawa, a manna tambur. Ba gogewa, ba kashe kalma. Ranar Alhamis tun hantsi nake zaune a tsakar gida ina rubutu. Ta farko Inna ta karanta ta ce wannan sammaci ne ba roƙo ba, ta yaga. Ta biyu na ci gefe. Ta uku biro ya yi min zubo. Haka muka yi ta yi har shida, ina cika ina batsewa, ita ko a jikinta.

A ta bakwai muka yi karo. Na roƙi shugaban ofishin rajista ya yi min rajistar wucin gadi kafin shaida ta iso daga gida, sai na ƙara layi biyu: cewa mahaifina ne ya sa takardun a leda bayan ambaliya ta cinye nasa, kuma ban zo da niyyar yaudarar kowa ba. Inna ta ce ba a sa zancen gida a demand. Na ce na bi ta a kan gefe, na bi ta a kan gaisuwa, amma layukan nan ba zan cire ba, don ba zan bari a ɗauki Baba a matsayin wanda ya yi shirme ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta daɗe, sannan ta gyara min kalma ɗaya ta ce in sake kwafewa.

Juma'a tun kafin a buɗe ofis ina bakin ƙofa. Sakatariya ta karɓa, ta duba gefen da tambur kafin ta duba fuskata, ta shiga da ita. Na zauna a benci ina kallon agogon bango yana cin lokacina, ɗalibai na fita da rasit suna dariya. Sha ɗaya ta wuce aka kira ni. Shugaban dattijo ne, takardata na gabansa. Ya tambaye ni da Hausarsa ta Zabarmawa wa ya koya min rubuta demand, na gaya masa. Ya sa yatsa a kan layukan nan biyu ya ce shi mutumin Saga ne, wata unguwa a bakin kogi, ruwa ya taɓa shiga ɗakinsa har gwiwa, ya san yadda takarda ke komawa in ta sha ruwa. Ya ce doka dai tana nan, ba zai karɓi leda ba, amma ya ba ni mako shida in kawo shaida. Ya rubuta a gefen nan da na bari, ya buga hatimi. Sai a lokacin na gane amfanin filin da Inna ta yaga min takarda a kansa.

Daga nan karatu ya kankama, kuma bai zo da sauƙi ba. Malamai na zuba Faransanci kamar ruwan sama, ni ina tara abin da na iya. A gwajin farko na ci sha ɗaya, na kusa kuka, sai aka ce min a kan ashirin ake lissafi kuma na haye. A gonakin Saga muka yi aikin fili, na shiga taɓo har ƙauri, manoma suna min dariya suna gyara min riƙon dashe. Na koyi cin dambu da kopto, wato zogale, a bakin ƙofar jami'a, har mai sayarwar ta san ba na son mai da yawa. Wata Asabar 'yan ajinmu suka kai ni Tondibia muka ci soyayyen kifi a bakin ruwa. Shaidar kuwa ta iso a mako na biyar. Kun san wa Baba ya sa ya yi ta zirga-zirgar nemo ta? Yayana.

Bayan wata huɗu na kamo hanyar gida. Inna ta raka ni tasha da ƙullin kilishi, ta ce in riƙa barin gefe a duk abin da zan rubuta. Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Illela, kafin magariba ina Sakkwato. Yayana ne ya zo tarbata, ya ɗauki jaka, ni kuma na tambaye shi ko makon nasa bai cika ba har yanzu.

Abin da na koyo shi ne taurin kai yana da amfani, amma sai ka san ƙofar da ake bi da shi a garin mutane. Ihuna bai buɗe min komai ba, kuma da na bi Inna a kan komai, da layukan da suka cece ni ba su shiga takardar ba. Duk mai shirin zuwa karatu Yamai, don Allah kada ya kai takardunsa shagon leda.

Da na nuna wa Baba takardar kammala zangon, ya shafa hatimin, ya miƙe yana neman hularsa zai tafi shago. Na riƙe hannunsa na ce wannan kam a'a. Na ciro demand ta bakwai, wadda Inna ta gyara wa kalma ɗaya, na fassara masa layukan nan biyu. Ya karɓa ya fita. Yanzu tana rataye a ɗakinsa, cikin leda mai kauri.