Rabin Haƙorin Masunci

Tsohon masuncin Argungu yana zaune a bencin asibitin haƙori a Birnin Kebbi, hasken ruwan kogi ya dushe masa idanu, hannunsa a dunƙule. Da damina aka kashe jijiyar haƙorinsa, aka ce ya dawo a sa wa haƙorin murfi. Da ciwo ya ɗauke, sai ya zaci ya warke, ya ci gaba da tsinke zaren taru da shi.

Yana buɗe tafinsa gaban nas, ga rabin haƙori.

"Ɗiyata, a liƙa mani shi."

Dariyarta har ƙarshen benci. "Baba, ƙwarya ce, mu kai wa gyartai?" Ta karɓa ta jefa shi cikin kwandon shara. "Shiga a cire sauran."

Yana shiga a hankali, harshensa na lallaɓa guntun.