Mutumin da Ke Zama a Ƙarshen Benci

Masu karatu, abin da zan faɗa muku da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba, don ƙarin gishirin ne ya jefa ni cikin abin tun farko. Lokacin mulkin soja ne, shekarun da kuɗin mai suka shigo, 'yan kwangila suka cika Sakkwato suna yankan hanyoyi, kowane ma'aikaci yana son sabuwar riga ranar Juma'a. Ni kuwa tela ne, ina da ɗan shago kusa da Ƙofar Atiku, keken ɗinki a ciki, dogon benci a ƙofa. Karatuna bai wuce firamare ba. Turancina na bin layi da yatsa ne, in kalma ta fi ƙarfina in tsallake ta in yi gaba.

A tsallaken titi akwai mai tsire, Kawu Bube, ɗan gidan mahauta, ya girme ni nesa ba kusa ba. Yakan sayi tsofaffin takardu a hannun kukun Turawan kwangila don naɗe tsire, a ciki akan sami littattafai da bangonsu ya cire, to in ya samu sai ya ajiye mini kafin ya yage, kyauta, don ya san ina so. Ku riƙe wannan, mutumin nan alheri ya yi mini.

Ni ba na son littafin harbe-harbe da gudu da mota, wannan yara ma sun iya. Wanda ke kama ni shi ne wanda za a shigar da kai cikin zuciyar mutum ɗaya a rufe ƙofa, mutum mai gaida maƙwabta, mai zuwa jana'iza, alhali a cikinsa akwai abin da ya binne. Kana karantawa kana jin tsoronsa, can kuma sai ka kama kanka kana fatan kada a gano shi. Wannan wurin ne ke ba ni haushin kaina, kuma shi ne ke hana ni ajiye littafin. Sau nawa na ɗinka wa mutum aljihu a karkace saboda hankalina na wurin wani mugu da ba a taɓa haifa ba.

Da safe nakan karanta 'yan shafuka kafin aiki ya taso, bayan la'asar kuma in mutane sun taru a bencin sai in ba su da Hausa, ƙafata na kan keke. Da farko ba su ji daɗi ba. Abokina Garba, dillalin shanu, mutum ne da ba ya ɓoye abin da ke bakinsa, ya ce, "Tela, mi ya haɗa mu da ƙanƙara da sunayen da ba su faɗuwa? Kawo muna shi gida." Sai na fara kawo labarin gida. In littafi ya ce jirgin ƙasa in ce lori, in ya ce gidan shan shayi in ce rumfar mai fura, nan da nan benci ya daina isa, wasu suna zuwa da buzunsu.

To sai wani littafi ya zo hannuna, ƙarshensa a yage, an riga an naɗe tsire da shi. Labarin wani ɗan kasuwa ne da ya turo abokin cinikinsa daga saman bene, kowa ya ɗauka tsautsayi ne, shi kuma ya ɗauki nauyin matar mamacin da 'ya'yansa, gari duk ana yabonsa. Ina neman fuskar da zan ba mutumin nan, na ɗaga kai, ga Kawu Bube can yana goga wuƙa a cinyarsa, yana ɗan gunguni a hanci kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa, don shi ba ya kallon mutum ido da ido. Na kwashe waɗannan duka na ɗora wa mai kisan. Ban ambaci sunansa ba, wannan ita ce hujjar da na riƙa ba kaina. Amma benen nan na mayar da shi gulbi, alhali na sani sarai abokin sana'ar Kawu Bube, Ɗanjuma, ruwa ya ci shi wata damina suna ƙetarar da shanu su biyu, kuma tun ranar Kawu Bube ke ciyar da matar marigayin, Hajjo, da yaranta. Na sani. Na ga dai labarin zai fi zaƙi haka.

Ya kuwa yi zaƙi. Ina ba da labari, idanun mutane suna tsallaka titi. Kafin a ce me, masu sayen tsire sun ragu, mai wucewa sai ya yi sallama daga nesa ya ƙara sauri.

Cikin kwanakin nan ne wani mutum ya fara zuwa. Ba tsoho ba, ba yaro ba, farar riga wankakkiya, hula daidai, irin fuskar da in ka juya ka manta ta. A ƙarshen benci yake zama, bai taɓa kawo ɗinki ba, ko maɓalli. Ranar farko ina cikin kwatanta yadda aka danna abokin cikin ruwa, sai na ji murya a hankali ta ce, "Ba cikin ruwa na ba. Daga bisa ya faɗo."

Na dakatar da keke. Raina ya ɓaci, don ba abin da mai ba da labari ya ƙi jini kamar mai gyara, balle mai gyaran da ya yi daidai. Na ce, "Malam, ka karanta shi ne?"

Ya ce, "Ban yi boko ba."

"To bari wanda ya yi ya ƙare."

Aka yi dariya, shi ma ya yi murmushi, na ci gaba da gulbina.

Kashegari ya dawo. Ni kuma na riga na wuce inda na karanta, don mutane sun matsa, sai na shiga ƙirƙira, na ce mai kisan ya koma gida ya kasa cin abinci, yana ta kuka. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Bai yi kuka ba. Yunwa ya ji, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ci nashi, ya ci na wanda ya mutu." Garba ya ce, "Tela, yau ka samu maigida." Na ce wa Garba ya ja baƙonsa su tafi kara, kasuwar dabbobi, su gyara wa shanu tafiya. Da safe na buɗe littafi na bi layi da yatsa, ga shi nan, mutumin ya zauna ya cinye abincin mutum biyu. Na ce a raina ƙarya yake, ya yi boko, wani wuri ya karanta.

Haka muka yi ta yi. In ce mai kisan yana tsoron matar mamacin, ya ce a'a, zaman gidanta ya fi masa ko'ina daɗi, don nan ne ake yi masa godiya. In ce yana mafarkin gawar, ya ce barcinsa ƙalau, abin da ke damunsa kawai shi ne ba wanda ya san iya wayon da ya yi. Kullum da safe in duba, kullum in tarar haka ne. Maimakon in ji tsoro, wallahi haushi nake ji. Mutum ya zauna a bencina, a inuwata, bai taɓa sayen ko zare ba, yana ƙwace mini majalisa. Har na taɓa ɗora buhun ƙyallaye a ƙarshen bencin don ya rasa wuri, na duƙa na zura zare a allura, na ɗago, ga shi zaune, buhun yana ƙasa a jingine.

Na tsare Garba na ce ya daina kawo mini shi. Garba ya ce, "Ni? Ai ni na ɗauka ɗan'uwanka na daga ƙauye." Na tambayi sauran, kowa ya ɗauka baƙon wani ne.

Ranar da shafukana suka ƙare, da azahar, Kawu Bube ya tsallako titi. Bai taɓa shigowa shagona ba sai ranar. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a kan keken ɗinki, ya ce, "Tela, mi niy yi maka?"

Na ce, "Kawu, lafiya?"

Ya ce nama yana kwana yana lalacewa, wannan bai dame shi ba, Allah ke ciyarwa. Amma jiya ya aika wa Hajjo da hatsi ta dawo masa da shi, kuma 'yan'uwanta sun fara zancen zuwa gaban alƙali a tada maganar Ɗanjuma.

Kun san abin da na ce masa? Na ce, "Kawu, ni labarin Turawa nake badawa, ka taɓa jin na kama sunanka?" Ya ce, "Ba ka kama ba," ya juya. Ni kuma, Allah ya yafe mini, yana fita na koma tunanin yadda zan ƙulla ƙarshen labarin, don na riga na yi wa mutane alkawarin ranar za a kama mai kisan, kuma na shirya a kama shi a gaban tukubarsa ta tsire.

Bayan la'asar jama'a ta fi ta kullum. Na fara, na kai inda dogarai suka nufo shi, sai mutumin ƙarshen benci ya ce, "Ba a kama shi ba."

Na buga keke da hannu. Na ce, "Malam, don girman Allah ka ƙyale ni. Wurin nan ko a littafin babu shi, an yage. Daga ina ka sani?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka ɗauki kayan wani ka aza ma bawan Allah wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wancan da ka ka nuni, kunya ta ka hana shi kallon mutane. Shi mai abin ba ya sunkuyar da kai. Cikin mutane shika zama, wurin da a ka labarinai, shi ji ko an faɗa daidai." Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai zaɓen rago, ya ƙare a kaina. Ya ce, "Kai ko ba ka faɗa daidai ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ana haka aka kira magariba, muka tashi kamar an sake mu. A masallacin unguwa na shiga sahu, sai ga shi ya zo ya tsaya a damana, kafaɗarsa a jikin tawa, ƙafarsa a jikin tawa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa na ji shi, kuma kafaɗar nan sanyi gare ta kamar randa, har ta cikin riga. Ban san abin da liman ya karanta ba. Da aka yi sallama na juya dama, Garba na gani. Na ce, "Ina mutumin?" Garba ya ce tun kabbarar farko shi ke gefena, har yana mamakin yadda nake ta matse shi.

Ban bari an watse ba. Na miƙe a ƙofar masallaci, na ce jama'a su tsaya. Na faɗa musu a littafin ba gulbi, ba wuƙa, ba tsire, ni na ɗauko su daga jikin Kawu Bube na liƙa don a saurare ni, kuma ban san komai game da mutuwar Ɗanjuma ba sai abin da kowa ya sani. Liman ya wanke ni tas a gaban mutane, na kuwa cancanta. Wasu suka yarda. Wasu, don ku san halin mutane, suka ce ai tela tsoro ya ji, an ja masa kunne. Ƙaryar da na yi ina wasa an karɓe ta hannu biyu, gaskiyar da na faɗa ina kuka sai da aka yi ta juya ta.

'Yan'uwan Hajjo sun bar zancen alƙali, masu sayen tsire suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Na je na durƙusa gaban tukubar Kawu Bube na roƙe shi gafara. Yana jera tsinke bai dube ni ba, ya ce, "Na yahe maka, ɗana. Amma Hajjo ta riga ta tambaye ni da bakinta ko ni nik kashe Ɗanjuma. Shekarun ga duka ba ta taɓa ba." Bai ƙara komai ba. Kafin damina ta zagayo ya kwashe kayansa ya koma unguwar Mabera, hatsin kuma ta hannun liman ya riƙa aikawa, bai sake taka gidan ba har ya rasu.

Mutumin ƙarshen benci kuwa ban sake ganinsa ba. Liman ya ce aljani ne, akwai masu son zama inda ake hira. Garba ya ce shi bai yarda ba, mutum ne kamar kowa, wanda ya taɓa yin irin abin a wani gari ya zo jin yadda ake faɗa, kuma wannan ya fi aljanin ban tsoro. Na ce to sahun salla fa? Garba ya shiga zancen farashin shanu. Ni dai har yau in na yi ƙoƙarin tuna fuskarsa ba ta zuwa, sai farar rigar kawai.

Ba zan ce muku ku bar karanta irin waɗannan littattafai ba, don ni ma da furfurata ban bari ba, kuma ina jin haushin kaina a kan haka. Suna nuna wa mutum abin da ke cikin zuciya, har da tasa. Amma mugun da ke cikin littafi ku bar shi da fuskarsa, kada ku ara masa ta maƙwabci. In kuma kuna ba da labarinsa a majalisa, wani da ba ku sani ba ya ce muku ba haka aka yi ba, kada ku tsaya musu da shi. Ku yi addu'a, ku tashi.