Ni na kashe lambun, ba Bappa Hammadu ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan kunu Sa'idu ya kira ni, ya ce mahaifinsu, Bappa Hammadu Gadina, ya rasu bayan sallar Asuba a gidansa da ke unguwar Bagadaza a nan Gombe.

Na san abin da aka saba rubutawa a irin wannan rana. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, a wuce. Duk gaskiya ne, amma ni akwai abin da ke cina game da shi, kuma na gaji da ɓoye shi.

Yaran yanzu sun san shi da tsohon nan mai sayar da dashen fulawa a bakin titi. Ni na san shi yana gadinan wani gidan gwamnati a bariki. Tun yana saurayi ya shiga aikin a hannun Turawa. Da aka samu 'yancin kai suka tattara suka tafi, shi ya ci gaba da riƙe lambun kamar na gadonsa. Akwai wardi ja da fari da ya yi wa aure da hannunsa, akwai fulawar nan mai kama da takarda da ke hawa katanga, ga shingen lalle da ya ƙara da kansa, wai gidan da ba ƙanshin furen lalle masauki ne kawai.

Sai ga ni. Ɗan 'yan kasuwar unguwar Shamaki, iyayena daga Katsina suka zo, a gidanmu in ka ga shuka to ta miya ce. Kuɗin mai ya shigo, aka yi mini ƙarin girma ina da ƙuruciya, aka ba ni wannan gida da sabuwar mota. Wando mai faɗin ƙafa, gashi tuli guda, ina tafe ina hura hanci.

Wanda ya zauna Gombe a lokacin ya san wahalar ruwa. Famfo sai ya yi sati yana tari bai zubo da ɗigo ba. Amma lambun Bappa kore shar, kuma dabararsa ɗaya ce: ba a alwala a gidan sai a gindin shuka. Ya yi wa kowace ɗan gurbi ya rufe da ɓawon gyaɗa. Yana da wani faffaɗan dutse na tsugunno da yake matsarwa, Azahar a gindin wannan, La'asar a gindin wancan. Kuku, direba, mai gadi, har masinjojin maƙwabta, kowa ya san ya duba inda dutse da buta suke.

Ranar da na fara tambayarsa dalili ya ce, "Yallaɓai, mun fi mu goma, sallah biyar. Ina za mu kai ruwan nan in ba nan ba?"

Kullum da safe sai na tarar da fure ɗaya cikin gwangwanin madara a kan teburina.

Lokacin da nake neman auren matata Hajiya, shi ya yanko mini wardi uku, ya kankare ƙayoyin da wuƙa, ya ce in kai mata. Na kai ina zufa. Ta jujjuya su ta tambaye ni ko a miya ake sawa. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

To ga abin da na yi.

Wata rana na yi baƙi, 'yan kwangila daga Kaduna, manya da kwat da takalma masu ƙyalli. Azahar ta yi. Kafin in buɗe baki Bappa ya ɗauki butoci ya ja su zuwa gindin wardi. Ɗayansu laka ta ɓata masa bakin wando. Ya dawo falo yana kakkaɓewa yana dariya, ya ce, "Oga, gidan gwamnati guda babu banɗaki ne? Har yanzu a gona kuke alwala?"

Wasa yake yi. Ni ne na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Na fita na kira Bappa a gabansu. Mutumin da ya kusa haifata. Na ce masa shi gadina ne ba liman ba, daga yau kada in sake ganin buta a cikin lambu, ƙauyanci ya ƙare a gidan nan. Na ce tanka zan sa ta riƙa kawo ruwa, a yi ban ruwa da tiyo kamar yadda ake yi a birni.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yallaɓai. Amma tanka ba ta san lokacin sallah ba."

Na ɗauka rashin kunya ce. Ashe gargaɗi yake yi mini.

Tanka ta zo sau biyu, sau uku, sannan ta lalace, daga baya aka karkatar da ita wani wuri. Bazara ta shigo da zafinta. Sau biyu Bappa ya same ni a bakin mota ya roƙi in bari a mayar da dutsen. Na ƙi, don kawai kada a ce na janye magana. Ruwan alwalar mutum fiye da goma yana bin kwata yana fita waje, wardi na ƙonewa a gabana. Daga baya kuku ya faɗa mini cewa Bappa na ɗauko galan biyu a keke tun daga gidansa, cikin ruwan shan iyalinsa. Bai isa ba.

Ana haka aka ce za a sauki wani babban baƙo a gidan, shugabanmu na ofis ya zo dubawa. Ya tsaya yana kallon busassun itatuwa, ya ce wannan lambun ya fi shekara ashirin ana kwatance da shi a garin nan, wa ya kashe shi?

Na ce sakacin gadina ne.

Bappa na tsaye nan, almakashinsa a hannu. Shugaban ya juya ya tambaye shi ko haka ne. Bappa ya kalle ni sau ɗaya, sannan ya ce, "A hannuna suka mutu, ranka ya daɗe."

A satin aka sallame shi. Magana ta bazu a bariki cewa Hammadu ya lalace, ya bar lambu ya mutu, babu gidan da ya sake ɗaukarsa. Haka ya koma bakin titi da gwangwanaye. Ni kuwa na sa aka zuba siminti a wurin, na samu inda zan ajiye mota.

Da aka haifi 'yata ta fari, ranar suna sai ga dashen lalle a cikin gwangwani, an ce daga Bappa Hammadu, a dasa wa jaririya. Ban iya fita na gaishe shi ba. Na aika a ce ina da baƙi.

Shekaru nawa ina bi ta gaban shukokinsa ina ɗaga gilashin mota.

Bara dai na yi ta maza na je Bagadaza. A hanya na shirya maganata tsaf. Na same shi a tsakar gida, ido ya yi rauni, amma da jin sallamata ya ce, "Yallaɓai Lawal ne? Jam, lafiya? Sa'idu, kawo wa uban gidana kujera." Ya tara jikokinsa ya ce su gaishe ni, wai ni ne mutumin da ya yi wa aiki a babban gida.

La'asar ta yi. Ya lalubo buta ya miƙo mini, ya nuna wani wardi da ke cikin rabin duro. Sai ya tsaya. Ya janye hannunsa a hankali ya ce, "Ko kuwa a raka ka banɗaki, Yallaɓai?"

Bai manta ba. Ko kalma ɗaya bai manta ba.

Na tsuguna a gindin wardin na yi alwala. Bayan mun idar na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina tambayarsa ciwon gwiwa. Muka yi hirar gwiwa da tsadar taki. Na ce zan dawo wani satin. Ya ce, "Useko, na gode, Allah ya kawo ka." Ban koma ba.

Sa'idu, na san kana karanta abin da nake rubutawa a nan, kai da ƙannenka. Kun tashi kuna jin ana cewa an kori babanku ne saboda sakaci, wataƙila shi kansa bai taɓa musa muku ba. Ƙarya ce, kuma ni na yi ta. Babanku bai taɓa kashe shuka ba. Ni na hana ta ruwa, ni na ɗora masa, ya rufa mini asiri da abincin bakinku. Duk wanda ya san wani tsohon ma'aikacin bariki da ya rage, ya karanta masa wannan.

Yanzu zan fita zuwa jana'iza. Na rubuta ne kafin in tashi, don na san halina. In na bari sai na iso ƙofar gidanku, gaisuwa zan yi in zauna a tabarma in sake yin shiru.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Hammadu, ka yalwata masa kabarinsa, ka saukar da shi a lambunan Aljanna, ka ba iyalinsa haƙuri. Jama'a, don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In da saura a bakinku, ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya cika, don ni ban tambaye shi ba.