Gardama a Ƙarƙashin Jinka

A gidanmu na Dakko, da an gama girbi, kakarmu Hajo takan sa a tara mata kara a ƙofar ɗakinta. Bayan sallar isha'i sai ta hura wuta, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta gaggawa. Sai ta gama tsokanar kowa, ta kira ni mijin da ba ya cefane, sannan ta soma. Har yau ban ga wanda ya iya riƙe yara da murya kawai kamar tsohuwar nan ba.

Akwai wata shekarar zaɓe da babana da ƙanensa suka raba jam'iyya. Su manyan suna gaisawa abinsu, mu ne muka ɗauki abin da zafi. Ni da Lawali, ɗan baffan nawa, benci ɗaya muke a firamare. A kan bencin muka fara musu rannan, muka ƙarasa da kokawa a hanyar gida. Da aka zo hira ya zauna can gefen wuta, ni nan, kowa ya kumbura. Hajo ta dube mu, ba ta tambayi komai ba.

"Ga ta nan, ku matso ku amsa," in ji ta.

Wai a wani gari an yi mutum biyu, Ɗanjimma da Na'allah, da suka saɓa kan wanda ya dace a naɗa sarkin noma. Kowa da gwaninsa, har gari ya rabu biyu. Ana cikin haka wata tsohuwa ta zuba geronta a sabon rumbu, ba a kai ga rufe shi ba sai ga hadari ya haɗo. Jinkar kuwa, wato rufin ciyawar, tana ɗaure a ƙasa, sai maza sun taru sun ɗauka. Aka yi kira, maza suka shiga ƙarƙashinta suka ɗaga. Ciki duhu, ba ka ganin kowa sai ƙafafu. Ɗanjimma ya ce a yi dama, sai ya ji muryar Na'allah a kafaɗarsa tana cewa a yi daman. Nan fa suka gane juna, gardama ta tashi. Wannan ya ce gwaninka rago ne, wancan ya ce naka ko kaftu bai iya ba. Suna tafe suna yi, har aka ɗora jinka a kan rumbu, ruwa ya sauko.

Nan Hajo ta tsaya, ta koma tonon gyaɗa. Muka jira kura ta fito, ko a ce wani ya sha kunya. Babu.

"To wa ad da gaskiya, Hajo?" in ji Lawali.

"Ni ina nis sani? Mata ba su shiga ƙarƙashin jinka. Abin da nis sani, geron tsohuwa bai jiƙe ba." Ta tura gyaɗar kashi ɗaya tsakanina da shi. "Ku yi ta gardamarku, ban hana ba. Amma duk wanda yas saki gehe nai, ba shi cin gyaɗata."

A raina na ce wannan ita ce tatsuniya mafi rashin daɗi da ta taɓa yi mana. Gyaɗar dai mun ci.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Talata Mafara. Teburina ɗaya da Malam Bello, malamin lissafi, mutumin Janbako. Gidansu fataken shanu ne, kuma da muryar ciniki yake musu, ba ya sauka sai ka gaji. Shekaru muna karya kumallo tare, muna sa-in-sa kan siyasa, sauran malamai na dariya. Amma a zaɓen da ya wuce abin ya wuce wasa. Maganganu suka yi kauri, masu zuga suka samu abin yi, wata safiya na tarar ya ja kujerarsa zuwa wani teburi. Daga nan sai sallama kawai. Abin ya dame ni ƙwarai, don ba ni da aboki kamarsa, kuma na fara sakankancewa na rasa shi ke nan.

Da damina babana ya rasu. Ban sanar da kowa a makaranta ba sai shugabanmu. Muna hanyar maƙabarta, ina riƙe da gaban makara, idona bai ganin komai sai ƙafafun mutane cikin taɓo, sai na ji murya a kafaɗata.

"Kawo, Malam, ka gaji. Bari in amshe ka."

Ban waiga ba, na san mai ita.

Bayan an dawo ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya yi gaisuwa doguwa yadda ta kamata, ya yi wa mamaci addu'a. Da mutane suka ragu sai ya miƙo ƙafa, ya nuna mini wandonsa da ya sha laka har gwiwa.

"Ka ga hanyag ga taku? Sau biyu babur yak kada ni. Kuma har gobe kana ce mani mutumin naka na aiki."

"Ta Janbako hwa? Naku gwanin yay yi ta?"

Na yi dariya a ranar da ban zaci zan iya ba, hawaye na zuba.

Da ina yaro na ɗauka Hajo ta manta ƙarshen labarinta ne. Ashe ba ta ga abin gyarawa a gardamar mutanen nan ba, shi ya sa ta bar su da ita. Abin da ta sa wa ido shi ne hannuwansu. Allah Ya jiƙan tsohuwar nan, ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san mu tun kafin mu girma.

Malam Bello ya maido kujerarsa. Har yanzu bai yarda da ni ba, ni ma ban yarda da shi ba, kuma gobe shi ke sayen ƙosai.