Shekarar da Baba Ya Bar Limanci

Mahaifina ya fara limancin masallacin unguwarmu a Aujara tun kafin a haife ni. Ba masallacin Juma'a ba ne, na salloli biyar ne, sahu uku in an cika, huɗu in da azumi. Ni kuwa malamin sakandare ne a Dutse, Turanci nake koyarwa, nakan leƙa gida duk bayan mako biyu.

A wata bazara na iske shi yana gyangyaɗi da hantsi a zaure, littafi buɗe a cinyarsa. Wanda bai san shi ba zai ce tsoho ne da zafi. Amma Baba mutum ne da ya ɗauki barcin hantsi a matsayin aibu, yakan ta da mu daga shi da carbi muna yara. Da La'asar a ranar ya miƙe zuwa raka'a ta biyar. Jama'a suka ce subhanallah, ya koma ya zauna, bayan sallama ya yi sujadar gyara. Babu limamin da ba ya rafkana, don haka ban damu ba.

Da na dawo bayan mako biyu Inna ta ja ni ɗaki ta ce abin ya faru sau uku. Har a Magariba ya tsaya cik a tsakiyar Sabbi, surar da ya koya wa rabin mutanen da ke bayansa, sai da ladan ya tuna masa.

Na same shi na ce, "Baba, yaya kake jin jikin?"

Ya ce, "Jikin da sauƙi, kan ne. Ka san ruwan tafki in shanu sun gama sha? Ruwan yana nan, amma ba ka ganin ƙasansa. Ina hango ayar tana tahowa, kafin ta iso bakina ta ɓace. In na ɗago daga sujada kuma sai ƙasa ta yi lilo da ni."

Daga nan kowa ya zama likita. Inna ta ce jini ne ya yi ƙaranci, ta shiga ɗura masa zogale da hanta da madarar gwangwani. Mai kemis na bakin kasuwa ya ce taifot ne da maleriya, abin da yake faɗa ko da mutum ya je masa da targaɗe. Wata gwaggona ta ce baki ne, ta aiko da rubutu a galan, Baba ya sha don kada ta ji babu daɗi. Ladan kuwa, wanda suka yi karatun allo tare, ya ce, "Malam, ba wani ciwo, takardar tsufa ce ta iso. Tawa ma tana hanya, mai kawowar ne gurgu."

Ni da yake na yi boko sai na ƙi yarda da kowa. Na karanta abin da na samu, na rubuto jerin dalilai a bayan takardar jarrabawa: ƙarancin barci, rashin shan ruwa, ciwon sukari, damuwa, yawan shayi da goro. Na ba kowanne lamba kamar tambayoyin aji. Na hana shi goro, abin da ya ƙara masa hamma kawai. Na saya masa babbar gorar ruwa. Yana da hawan jini, amma wannan ni nake kawo maganinsa daga Dutse duk wata ba fashi, saboda haka na cire shi daga cikin waɗanda ake tuhuma. Na yi maganar asibiti sau ɗaya, ya ce sai bayan shuka, ni ma ban matsa ba, don ina ganin takardata ba ta ƙare ba.

An yi shuka, an yi noman farko, abin bai sake ba. Wata safiya mai unguwa da dattawa biyu suka yi sallama a zaure. Ina nan, ni na shimfiɗa musu tabarma. Suka yi maganar damina, suka yi ta tsadar taki, suka yi ta wata rijiya da ta rufta. Mai unguwa ya yi gyaran murya sau biyu bai kai ga abin da ya kawo su ba. Baba ya dube su ya ce, "Alhaji, kada in wahalar da ku. Daga Azahar ɗin yau na'ibi zai shiga gaba, har Allah ya kawo sauƙi."

Mai unguwa ya ce, "Haba Malam, mu dubiya muka zo."

Baba ya ce, "Na sani. Na gode da dubiyar."

Na'ibin ɗalibinsa ne, bai kai shekaruna ba. Da Azahar Baba bai fita ba, ya yi sallarsa a ɗaki, haka ya ci gaba da yi. Inna ta ce ya daina taɓa littattafan zaure ma. A makon na nemi izini a makaranta, na ɗauko shatar mota, na ce masa yau ba shawara na zo yi ba.

Likitar da muka gani a Dutse mace ce, ba ta da yawan magana. Ta auna jininsa yana zaune, ta sa ya miƙe ta sake aunawa. Ta ce, "Baba, me da me kake sha?" Na yi caraf na faɗi sunan maganin, da irin lafazin da nake koya wa ɗalibai. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Baba na tambaya. Ka zo da su?"

Ya sa hannu a aljihun gaban riga ya ciro ƙullin leda. A ciki akwai farar ƙwayar da na sani, akwai kuma wata ruwan goro a wani kwali da ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Wannan fa?"

"Ta wancan na Kano ce." Yayana yake nufi. Ɗan fari ne, Baba bai taɓa kama sunansa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi. Ya zo ya ce an ce masa tana da kyau ga hawan jini."

"Ita ma kullum kake sha?"

"Bayan Asuba. Ta wannan malamin tukuna, sannan tasa."

Ta juya kwalayen biyu ta nuna mini ƙananan rubutun da ke ƙasan manyan sunayen. Magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Wata biyar ke nan yana shan ninki biyu na abin da aka rubuta masa, jinin ya sauka ƙasa da inda ya kamata. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya wa ɗayansu ba?"

Ya ce, "'Yata, yaro ya ɗauko abu daga Kano ya kawo maka da hannu biyu, sai ka ce ƙaninka ya riga ka? In kuma na ajiye na wannan na sha na wancan, me na yi ke nan? Na ga duka magani ne, na ce Allah ya yi musu albarka su biyun."

Ni da Yaya ba mu da wata rashin jituwa. Muna waya, mu tambayi iyali, mu yi maganar gona. Amma a gidanmu an hore mu cewa abin da ka yi wa iyaye ba a faɗarsa, faɗar tana rage lada. Shi bai faɗa ba, ni ban faɗa ba, Baba kuma ya rufa wa kowannenmu asirin alherinsa. Da na kira Yaya a bakin asibitin na gaya masa, sai ya ce, "Wanne aka ce a bari?" Na ce likita ta ce duk ɗaya ne. Ya ce, "To a bar nawa."

Kafin gero ya fitar da kai Baba ya dawo daidai. Na iske shi a zaure yana gyara wa wani karatun fiƙihu ba tare da ya duba littafi ba. Na ce, "Baba, sauƙi ya samu. Cewa ka yi har Allah ya kawo sauƙi."

Ya ce, "Na faɗa."

"To mai unguwa ya sani, na'ibi ma ya aiko sau biyu."

Ya rufe littafin. Ya ce, "Kai ba ka taɓa tsayawa a gaba ba. Liman yana jin bayansa. A watannin nan ina jin mutane suna ƙirga mini raka'a, wani har numfashinsa yakan canja in na zo tashi. Yanzu ko shekara na yi ban rafkana ba, ba za su daina ƙirgawa ba. Na riga na koya musu. Mutum ya bar gonarsa ya zo ganawa da Ubangijinsa, sai in mayar da shi mai gadina?"

Na kawo hujjoji, na iya kawo hujja, sana'ata ce. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya yi alwala.

Ranar ce ya fara komawa masallaci. Da ladan ya ta da iƙama, na'ibi ya ja da baya ya nuna masa gaba da hannu. Baba ya kama kafaɗarsa ya tura shi a hankali zuwa kan buzun, ya ce, "Malam, bismillah, rana tana yi." Ya dawo sahun farko, mutane suka matsa, gurbin da ya samu kusa da ni ne. Ya dubi ƙafafuna ya ce in gyara sahu, na matso har kafaɗata ta taɓa tasa. Na haura shekara arba'in, ban taɓa yin salla a gefensa ba sai ranar. Ashe na fi shi tsawo. Na'ibi ya yi kabbara, muka bi.